Haƙar Kirifto da Katin Kwamfutar Gida a Jidda: Littafin Aiki, 2022

Asabar, 16 ga Yuli

Tambaya ɗaya aikin nan zai amsa. Mutumin da ke zaune a Jidda ko Makka, yana da kwamfutar tebur da katin hoto irin na 'yan gem, idan ya bar ta tana haƙar kuɗin kirifto na Ethereum dare da rana, wato tana yi wa tsarin aikin lissafi ana biyan ta, nawa ke saura a hannunsa bayan ya biya faturar wuta? Samari da dama cikin 'yan'uwanmu na nan sun sayi kati bara, lokacin da ETH, kuɗin Ethereum, ta haura dala 4,800 a watan Nuwamba. A watan jiya ta faɗo ƙasa da dala 1,000. Lissafin bara ya mutu, sai an sake shi daga tushe.

Kayan gwajin ba su da yawa: katin RTX 3060 Ti mai memori 8GB, madabod ta talakawa, ƙaramin firosesa, RAM 8GB, akwatin wuta mai watt 750 mai tambarin 80 Plus Gold, da Windows 10. Sai mitar soket, wadda ake cusawa tsakanin bango da filogin kwamfuta tana nuna watt da kilowatt-awa. Wannan mitar ita ce alƙalin aikin. Duk abin da manhajar haƙa ta nuna a allo, in bai yi daidai da ita ba, nata za a ɗauka.

Ga yadda kuɗin ke shigowa, don wanda bai taɓa zama ya lissafa da kansa ba. Ethereum na fitar da kusan ETH 13,000 a kullum ga masu haƙa: ETH 2 a kowane bulok (ƙunshin hada-hada da ake haƙowa), bulok ɗaya kusan duk daƙiƙa 13, da ɗan ƙarin lada na bulok ɗin da suka makara. Ana raba wannan ne gwargwadon ƙarfin kowa. Ƙarfin duniya gaba ɗaya yanzu yana wajen TH/s 900, wato MH/s miliyan 900 (MH/s ma'aunin saurin haƙa ne). Katin da ke ba da MH/s 60, rabonsa shi ne 60 sau 13,000 a raba da miliyan 900, ya tashi ETH 0.00087 a rana. A cire kashi 1 cikin ɗari na gungun masu haƙa da ake aiki ta hannunsu, a cire wani kashi 1 na mai manhajar, saura 0.00085. Akwai ɗan tukuicin da masu tura kuɗi ke ƙarawa don a gaggauta musu, amma tun sauyin watan Agusta na 2021 ana ƙone mafi yawan kuɗin tura, abin da ke kaiwa ga mai haƙa kaɗan ne. Mun bar shi a wajen lissafi.

Riyal a ɗaure take da dala, 3.75. Idan ETH tana dala 1,100, katin ya kawo riyal 3.5 a rana. A dala 1,500, riyal 4.8. A dala 1,900, riyal 6 da 'yan halala. Wannan kafin a taɓa maganar wuta.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi: a taronsu na ranar 14 ga wata, masu gina Ethereum sun ambaci makon 19 ga Satumba a matsayin lokacin da suke sa ran daina haƙa kwata-kwata, a koma tsarin jingina kuɗi. An sha ɗage wannan rana a baya, shi ya sa wasu ba su ɗauke ta da gaske ba. Mu dai da ita za mu yi lissafi.

Talata, 19 ga Yuli

Saitin kati. Da aka kunna shi yadda ya fito daga kwali, sai ya tsaya a ƙasa da MH/s 40 yana shan kusan watt 200. Dalili biyu ne. Na farko, katin na cikin waɗanda Nvidia ta sa wa takunkumin LHR tun 2021, wanda ke rage ƙarfi da zarar ya gane haƙar Ethereum ake yi. A watan Mayun bana aka samu hanyar kwance shi gaba ɗaya, NiceHash ce ta fara fitarwa, sauran manhajoji irin su T-Rex da NBMiner da lolMiner suka biyo. Sai dai kwancewar tana da sharaɗi: direban katin ya zama na zangon da ta dace da shi, mu 512.15 muka sa, kuma a buɗe manhajar da izinin mai kula da kwamfuta. Windows na da ɗabi'ar sabunta direba da kanta cikin dare. In ba a hana ta ba, da safe za a tarar kati ya koma rabin ƙarfinsa, babu wani saƙon kuskure.

Na biyu, haƙar Ethereum aikin memori ce, ƙwaƙwalwar katin zaman jira take yi mafi yawan lokaci. Don haka ana ɗaga gudun memori, a danne na ƙwaƙwalwa. A manhajar MSI Afterburner an ɗaga memori da 200, a bar shi rabin awa, a ƙara 200, har aka kai 1,100. A 1,300 gungun ya fara mayar da aiki yana cewa ba daidai ba ne, alhali lambar da ke allo ta ƙaru. Nan ne mutane ke ruɗuwa: allo na nuna 62, gungun na biya a kan 57. An dawo 1,100. Ƙwaƙwalwa kuma an ƙulle ta a MHz 1,400 maimakon a rage iyakar wuta kawai, saboda ƙullewar ta fi ba da daidaito, wutar ba ta hawa da sauka. Sakamako: MH/s 60 a watt 125 ta bakin manhaja.

Wanda ke Linux ko Hive OS, tsarin kwamfuta na masu haƙa, ya lura, lambar memori a can ninki biyu ake rubutawa, 1,100 na Windows 2,200 ne a can. Kuma katin da memorinsa na Hynix ne sau da yawa ba ya jure abin da na Samsung ke jurewa, ko da sunan katin ɗaya ne. Manhajar GPU-Z na nuna wanne ke ciki. Kada a kwafi saitin wani a liƙa.

Fayil ɗin da ake lodawa cikin memorin kati kafin haƙa, DAG, yanzu yana dab da 5GB, yana ƙaruwa kaɗan duk bulok 30,000. Kati mai 4GB ya fita daga sahu tun ƙarshen 2020. A Windows sai an ware wa memorin aro wuri a faifai da ya kai girman fayil ɗin sau yawan katuna, in ba haka ba manhajar ta mutu tun wajen lodi. An sa 16GB.

Intanet ta waya ce, ba Wi-Fi ba. Daga Jidda sabar Turai ta fi ta Asiya saurin amsawa, aikin da ke makara ya tsaya ƙasa da kashi 1 cikin ɗari.

Asabar, 23 ga Yuli

Mitar soket ta ce watt 170, ba 125 ba. Ragowar 45 na madabod ne da firosesa da fankoki, da abin da akwatin wuta ke zubarwa a zafi wajen juya wutar bango. Watt 170 sau awa 24, kilowatt-awa 4.08 a rana, kusan 122 a wata.

Kuɗin wutar gida a Saudiyya mataki biyu ne tun farkon 2018: halala 18 kowane kilowatt-awa har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura nan halala 30. A ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari, su zama halala 20.7 da 34.5. A matakin farko kwamfutar na cin halala 84 a rana, a na biyu riyal 1.41. Wutar nan tana da araha in aka kwatanta da Turai, gaskiya ne, kuma shi ne abin da ke jan mutane. Amma akwai kuɗi biyu da ba sa fitowa a shafukan da ke lissafa wa mutum riba.

Na farko mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Duk watt ɗin da ya shiga kwamfuta zafi yake zama a ɗakin, babu wanda ke ɓacewa. Kilowatt-awa 4 na zafi a rana sai na'urar sanyaya ɗaki ta kwashe shi ta fitar, ita kuma tana cin kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da ta kwashe, ta taga wadda ta tsufa ta fi haka, musamman da azahar. A ƙara 1.4 ke nan, jimilla 5.5. Kuɗin rana ya koma riyal 1.14 a matakin farko, 1.90 a na biyu. Wannan kuɗi a cikin faturar gida yake ɓuya, mai haƙa ba ya ganinsa, maigida ne ke gani.

Na biyu matakin kansa. Abin dubawa shi ne inda gidan yake kafin a kunna kwamfuta. Ƙaramar shiƙƙa mai mukayyif biyu da wuya ta kai 6,000. Babban gida mai iyali da yawa a kan mita ɗaya kuwa, a Yuli da Agusta, yana iya wucewa, kuma in ya wuce, duk abin da katin ya ci a kan halala 34.5 yake. A ɗauko faturar Agustan bara a duba, amsar tana ciki.

Akwai maganar da ba ta lissafi ba ce kaɗai. A tsofaffin gidaje na unguwannin kudancin Jidda da na Makka, inda mutanenmu suke da yawa, ba abin mamaki ba ne a tarar ɗakuna huɗu ko biyar a kan mita ɗaya, ana raba fatura daidai wa daida a ƙarshen wata. Wanda ya kunna kati a irin wannan gida, wutar maƙwabtansa yake mayarwa kuɗin aljihunsa. Kilowatt-awa 165 a wata riyal 34 ne ko 57, kuma wata dattijuwa da fanka ɗaya da firij take da su za ta biya rabonta a ciki. Haƙƙi ne. A sa mitar soket, a karanta ta gaban kowa, a biya nasa daban.

Ribar rana a dala 1,500: riyal 3.7 a matakin farko, 2.9 a na biyu. Sai ETH ta faɗi ƙasa da dala 360 kafin a fara asara a matakin farko, kusan 600 a na biyu. Wato wanda katin ke hannunsa tuni, bai da dalilin kashewa yau.

An gwada lissafin mayar da kwamfutar ɗakin da babu mukayyif, a sa fankar zuƙe iska mai watt 30 a taga. Ita ma tana cin 0.72 a rana. Abin da aka tsira da shi halala 14 ne, a madadin a bar kati cikin iskar Jidda mai laima da gishiri. Ga kati ɗaya bai cancanta ba. Ga mai shida ko takwas, maganar ta sauya.

Asabar, 30 ga Yuli

Yau 1 ga Muharram 1444. An ƙara RX 580 mai 8GB, katin 2017, saboda shi ne ya fi yawa a hannun mutane. Sai an mayar da direban AMD yanayin lissafi maimakon na hoto, in ba haka ba ƙarfinsa ya zube, kuma sai an gyara saitin lokutan memori a BIOS ɗinsa kafin ya kai MH/s 30. A ajiye kwafin BIOS na asali kafin a taɓa komai. Manhaja ta nuna watt 80 da 'yan kai, mitar bango ta ƙaru da 125. A wannan zangon katuna, lambar da ke allo ta ƙwaƙwalwa ce kaɗai, ba ta haɗa memori da sauran allon ba. Mai lissafi da ita ya ɓoye wa kansa sulusin wutarsa.

Yana kawo riyal 2.4 a dala 1,500, yana cin halala 83 har da sanyaya. Kowane watt na 3060 Ti na ba da kusan ninki biyu na abin da na RX 580 ke bayarwa, don haka in farashi ya faɗi shi zai fara mutuwa.

An ɗora shi ne a kan raiza, ɗan allo mai waya da ke haɗa kati da madabod daga nesa, a wajen akwatin. Raiza da yawa na zuwa da 'yar wayar da ke ɗaukar wuta daga filogin SATA. A jefar da ita. Filogin SATA watt 54 aka yi shi ya ɗauka, ramin kati kuma yana iya jan 75, RX 580 na cikin masu ja sosai ta nan. Robar takan yi laushi, ta yi baƙi, wani lokaci ta kama. A ba raiza wuta ta filogi mai fil 6 kai tsaye daga akwatin wuta. A tsofaffin gine-ginen da har yanzu ke da soket na 127 da na 220 a bango ɗaya, a zaɓi na 220, wayar ta fi hutawa, akwatin wuta ma ya fi tsimi.

Alhamis, 11 ga Agusta

Gwajin ƙarshe na sabon tsarin, a kan dandalin gwaji na Goerli, ya wuce lafiya. Na Ropsten da Sepolia sun riga sun wuce a Yuni da Yuli. Babu sauran abin da za a jira, ranar tana tsakiyar Satumba. Farashi ya ɗaga zuwa kusa da dala 1,900 a kan wannan labari, katin na kawo riyal 6, kuma tambayar da ke yawo a tsakanin samari ita ce ko a ƙaro kati.

A'a. Farashin da Nvidia ta sanya wa 3060 Ti dala 399 ne, riyal 1,500, da haraji 1,720. Ko a wannan farashin aka same shi, ko ribar ta tsaya a riyal 5 kullum, sai ya yi kusan shekara kafin ya mayar da kuɗinsa. Abin da ya rage mako biyar ne, riyal 175. Wanda zai saya don gem ko aikin zane ya saya, amma shi ma ya ƙara haƙuri, katuna na hannu za su cika kasuwa.

Asabar, 20 ga Agusta

An cire RX 580, an sa RTX 3080 don a ga yadda babban kati ke yi da zafin nan. Filoginsa biyu masu fil 8, kowanne da tasa wayar daga akwatin wuta. Waya ɗaya mai baki biyu ba ta dace da katin da zai kwana yana jan sama da watt 200 ba.

Ya fara da MH/s 97, bayan minti ashirin ya gangaro 80 da wani abu, alhali ƙwaƙwalwa na nuna digiri 58 kacal. Matsalar a memori take. GDDR6X da ke cikin 3080 da 3090 na da zafi ƙwarai, kuma in ta kai digiri 110 katin na rage gudu da kansa don kada ya lalace. Afterburner a saitinsa na farko ba ya nuna wannan lamba, HWiNFO ke nunawa. Ta tsaya a 108 zuwa 110.

Maganin shi ne sauya 'yan faifan roba masu jan zafi da ke tsakanin memori da ƙarfen sanyaya. Aikin ba wuya, amma kauri ne komai. Kowane kamfani da nasa, wani milimita 1.5, wani 2, wani 3 a bayan allo, sai an auna tsohon ko an nemo na wannan samfurin daidai. In sabon ya yi kauri, ƙarfen zai ɗaga daga kan ƙwaƙwalwa, memori ta huce, ƙwaƙwalwa ta tafasa. In ya yi siriri, bai taɓa komai ba. A goge tsohon man ƙwaƙwalwa da sifirit, a sa sabo, a ɗaure sukurori a giciye kaɗan-kaɗan. Buɗe kati na iya zubar da garantinsa, mai sabon kati ya yi tunani. Bayan sauyin, memori ta zauna a 92, ƙarfi 97 bai motsa ba, mitar bango ta ƙaru da watt 245. A dala 1,500 riyal 7.7 ke shigowa, 1.6 ke fita.

Ƙura kuma. Wata ɗaya ya isa ta toshe tsakanin ganyen ƙarfen 3060 Ti, zafinsa ya hau digiri 5. A kashe, a cire filogi, a riƙe fanka da yatsa kada ta juya, a hura da buluwa. Kada a fito da kati mai sanyin mukayyif zuwa baranda a kunna nan take, laimar Jidda na kwanta masa kamar yadda take kwanta wa gilashin ido. Fanka a kashi 65 zuwa 70 ta isa. A kashi 100 dare da rana, ita ce za ta fara mutuwa kafin komai.

Talata, 6 ga Satumba

Matakin farko na sauyin, Bellatrix, ya hau yau. Lokacin duba abin da ya taru ne. Kuɗin da ke shafin gungu ba naka ba ne sai ya sauka a walat ɗinka, wato ma'ajiyar kirifto ta kanka. Kowane gungu na da mafi ƙarancin abin da yake turawa, kuma a yawancinsu mai haƙa ke biyan kuɗin tura. Turawa ɗaya gas 21,000 ce, gas shi ne ma'aunin kuɗin tura, ana lissafa farashinsa da gwei, wato kashi ɗaya cikin biliyan na ETH. In gas na gwei 20, ETH 0.00042 ke nan, aikin rabin yini na 3060 Ti. In ta kai gwei 100, aikin kwana biyu da rabi. A sa iyakar gas a saitin gungu, a bar shi ya tura lokacin da hanya ta yi sauƙi, kuma a tura sau ɗaya maimakon biyar. Ethermine, wani gungun masu haƙa, ta sanar cewa bayan sauyin za ta rufe haƙar Ethereum, shafin ya zama na cire kuɗi kaɗai. Kowa ya karanta sanarwar gungunsa. Kalmomin sirri na walat a takarda ake rubuta su, ba a hoton waya ba, kuma duk wanda ya ce a turo ETH don a "sabunta" ta zuwa sabon tsari ɓarawo ne, babu abin da mai riƙe da ita zai yi.

Mayar da ita riyal shi ne inda lissafi ke ƙarewa, doka ta fara. Tun 2018 hukumomin Saudiyya suka yi gargaɗi cewa ba su amince da waɗannan kuɗaɗe ba, kuma babu wanda aka ba lasisin hada-hadarsu a ƙasar. Mutane na sayarwa hannu da hannu ta intanet, kuɗi ya shigo asusun banki daga wanda ba a sani ba. In kuɗin ya fito daga wata damfara, asusun mai karɓa ake fara riƙewa. Ga mai zama da iƙama wannan ba ƙaramin abu ba ne, riyal ɗari biyu ba su kai a jefa takardun zama cikin tambaya ba. Ta fuskar addini ma malamai sun saɓa a kan halaccinsu, kowa ya tambayi wanda ya yarda da iliminsa.

Alhamis, 15 ga Satumba

Ƙarfe 9:42 na safe agogon Makka aka haƙa bulok na ƙarshe. Manhajar ta ci gaba da neman aiki, gungun ya daina bayarwa.

Abin da 3060 Ti ya tara tun tsakiyar Yuli kusan ETH 0.05 ne. A dala 1,500, riyal 280. Wuta da sanyaya kusan 66. Saura riyal 215, in an sayar a wannan farashin.

An juya katin da rana zuwa Ethereum Classic (ETC), wani kuɗin da ba a daina haƙa ba, saiti ɗaya ne, MH/s 60 ɗin nan dai, fayil ɗinta ma ya fi ƙanƙanta. Amma kowa can ya nufa. Ƙarfinta ya tashi daga 'yan gomomin TH/s zuwa wajen 300 cikin yini ɗaya. Ladanta ETC 2.56 ne a bulok tun ragin watan Afrilu, kusan 17,000 a rana. Rabon katinmu 0.0034, a dala 35 halala 45 ke nan. Kuɗin wuta riyal 1.14. Asarar halala 70 a kullum, a matakin wuta mai araha.

Dalilin a fili yake. Ethereum na raba kusan dala miliyan 20 a rana. Ethereum Classic na raba kusan dubu 600. Ravencoin, wani kuɗin kuma, RVN 2,500 duk minti ɗaya, miliyan 3.6 a rana, a senti 5 dubu 180 ne. An ɗauke babban akushi, hannuwan da ke ci a cikinsa duk sun koma kan 'yan ƙananan kwanuka. Babu saitin memori da zai gyara wannan.

Asabar, 24 ga Satumba

An gwada Ravencoin. KawPow, tsarin haƙarta, na aiki da ƙwaƙwalwa da memori tare, don haka 3060 Ti ya ba da kusan MH/s 29 yana shan watt 170 shi kaɗai, ɗakin ya fi zafi, fanka ta fi ƙara. In ƙarfin duniya na TH/s 15, rabonsa RVN 7 ne a rana, a senti 3.5 halala 90. Wutar katin kaɗai halala 84, kafin madabod da mukayyif. Ergo, wani kuɗin, ta fi sanyi, watt ɗinta kusa da na Ethereum, amma ita ma cunkoson ya same ta, har bulok ɗinta suka riƙa jinkiri bayan masu haƙa sun shigo sun fice. Akwai kuma ETHW, reshen da wasu suka ɓalle don a ci gaba da haƙa, farashinsa ya zube tun kwanakin farko.

Wasu na cewa a haƙa a ajiye, wata rana zai tashi. Wanda ya yarda RVN za ta tashi, riyal 1.4 da zai ba kamfanin wuta ya sami na halala 90, da ya saya kai tsaye da ya fi samu, katinsa kuma yana hutawa. Haƙa da asara saye ne da tsada.

RX 580 an kashe shi gaba ɗaya. 3080 an mayar wa aikin hoto.

Asabar, 15 ga Oktoba

Direban Nvidia 522.25 da ya fito tare da RTX 4090 a makon nan ya cire takunkumin LHR. An gwada, 3060 Ti na ba da cikakken ƙarfinsa ba tare da wata dabara ba. Bambancin farashi tsakanin kati mai takunkumi da marar shi ya tashi daga aiki, kada mai sayarwa ya ƙara wa kowa kuɗi a kan haka.

Masu haƙa da yawa sun kashe, ƙarfin Ethereum Classic ya sauko sosai daga inda ya kai. In ya zauna a TH/s 150 kuma ETC na dala 25, katin zai kawo halala 64. Da ƙyar ya biya wutar kansa, bai biya ta sauran kwamfutar ba.

Katuna na hannu sun fito, a kasuwannin Haraj da Sawarikh da shagunan titin Khalid bin Walid. Ga mai son saye don gem ko zane, katin da ya yi haƙa ba lallai ya lalace ba, wanda aka danne wa wuta ƙwaƙwalwarsa ba ta sha wuya ba. Abin da ke gajiya fanka ce da memori da faifan jan zafi. A juya kowace fanka da yatsa a ji ko tana karkarwa. A duba bayan allo ko akwai maiƙo ko canjin launi kusa da memori, da tsatsa a sukurori in katin ya zauna kusa da teku. A sa shi gem mai nauyi rabin awa a gaban mai shi, a kalli ɗige-ɗige ko walƙiya a allo. In RX 580 ne ko 570, a tambaya ko an mayar da BIOS na asali, wanda aka gyara yakan sa direba ya ƙi hawa.

Asabar, 26 ga Nuwamba

FTX, wata babbar kasuwar kirifto, ta shigar da takardar karyewa ranar 11 ga wata, kasuwa ta sake zubewa, ETH ta koma wajen dala 1,200. ETH 0.05 da aka lissafa riyal 280 a Satumba yanzu 225 ce ga wanda bai sayar ba. Wanda ya bar tasa a hannun irin wannan kamfani maimakon walat ɗinsa, ko wannan bai gani ba.

Ruwan da aka yi a Jidda ranar Alhamis ya sa an kashe komai an cire daga bango. Kwamfutar da ke kwana a kunne kada ta zauna a ƙasa, ita da jeren soket ɗinta, musamman a hawan ƙasa.

Zafi ya sauka, mukayyif ya rage aiki, kuɗin rana ya dawo kusa da halala 84. A Riyad da Tabuk da Abha, inda ake kunna hita da sanyi, lissafin ya fi haka daɗi: watt 170 na kati na ɗumama ɗaki daidai da watt 170 na hita, don haka duk abin da ya haƙo ƙari ne. A Jidda da Makka babu wannan rangwame.

Gwaji na gaba wani kuɗin ne, Kaspa. Aikinta na ƙwaƙwalwa ne, ba na memori ba, saitin ya juye ke nan: a ƙulle memori a MHz 810, a nemi mafi ƙarancin wutar da ƙwaƙwalwa za ta tsaya a kai. A gwajin awa biyu na jiya mitar bango ta nuna ƙasa da watt 130 ga kwamfutar duka. Za a bar shi mako biyu, ana rubuta abin da gungu ya biya da abin da mita ta ci kowace safiya. Ladanta na raguwa kowane wata bisa tsarinta, don haka za a lissafa na makon farko da na biyu daban.